Ƙirgin da Ba Ya Son Kitse

"Ni dai ban taɓa ba mutum busasshiyar fata ba, kuma ba yau zan fara ba," in ji Baba Théodule, yana goge hannunsa a jikin rigar aikinsa.

"Baba, ba wanda ya ce aikinku ba kyau," Firmin, mijin 'yarsa, ya amsa daga ƙarƙashin motar likita. Ƙafafunsa kaɗai ake gani. "Kyan ne ya yi yawa. Likita ya ce jiya kansa ya daki rufin motar har hularsa ta lotse, kwalaben magani suka zube."

"Ya rage gudu mana. Wa ya aike shi? Shekara da shekaru yana zuwa duba marasa lafiya a kan doki, wa ya mutu wajen jiransa?"

"Da yawa," in ji Firmin.

Ya fito da rarrafe, riƙe da abin da ake rigima a kansa, ya ɗora a kan teburin tsohon. Shakazoba ce irin wadda Firmin ke ƙerawa da hannunsa a garejinsa da ke garin Orchies: ƙarafa biyu kamar almakashi, ɗaya a ɗaure jikin mota, ɗayan a ƙarfen ƙafar motar. A inda suka haɗu akwai faifayen ƙarfe da na fata a jere, noti ya matse su. Sifirin ɗin motar, ƙarfen nan mai lotsawa, yana karɓar dukan hanya, amma in ya fara rawa ba ya sanin tsayawa. Gogayyar faifayen nan ita ke kashe masa rawar. Ƙarfen na Firmin ne, fatar kuwa Baba Théodule ke yankawa.

Firmin ya kwance notin. Kitse ya biyo yatsunsa, baƙi ƙirin. Faifayen fatar sun lanƙwashe, sun yi laushi kamar dafaffen kabeji.

"Kun gani? Santsi take yi, ba ta kamawa." Ya juya notin a hannu, bai dubi surukinsa ba. "Akwai wani masassaƙi a garin Douai, an ce yana fitar da irin waɗannan da katako."

"Katako," in ji tsohon.

"Ban ce na yanke shawara ba. Likita sai ranar Asabar zai zo ɗaukar motar. Mu sake gwadawa. In ta ƙi, Baba, ba ni da yadda zan yi."

Théodule Bacquet baduku ne ɗan baduku. An haife shi a ɗakin da ke saman shagon mahaifinsa, warin jima da na kitse shi ne iskar da ya fara shaƙa. Tun bai kai tsawon tebur ba aka ba shi tsumma da tukunyar kitsen rago, aka ce ya shafa. Mahaifinsa yakan ce fata dabba ce da ta mutu amma ba ta daina jin yunwa ba. Duk ragamar da ta bar shagon nan a bushe, ko linzami, ko ɗamarar sirdi, abin kunya ne har a kasuwa. Da aka yi yaƙi da Jamus aka ɗauke shi soja, bai harba bindiga ko sau ɗaya ba, ɗinkin kayan dawakin da ke jan igwa ya yi ta yi har aka gama. Ya dawo ya auri Hortense, ya gaji shagon. Manyan dawakin manoma masu jan gwozar sukari, da na taragun fasinja na birnin Lille, da yawansu da aikin hannunsa suke tafiya, kuma yana alfaharin cewa babu dokin da ya taɓa yin gyambo a wuya saboda shi.

Sai taragun suka koma lantarki. Likita ya sayar da dokinsa, lauya ma ya bi sahu. Manoma ba su rabu da nasu ba, amma kayan masana'anta sun fi araha, suka daina zuwa, in sun gan shi a hanya sai su ɗaga hula da sauri su wuce. Hortense ta rasu a cikin wannan tsakanin. Ya rufe shago ya koma gidan 'yarsa Zélie.

Hunturun farko a kan kujera kusa da murhu ya yi shi. Yana ɓare wake, yana kallon taga. Da abin ya ishe shi sai ya kama takalman gidan da shafa, har Zélie ta zame a bakin ƙofa da kwandon wanki. Ranar ce ta ce wa mijinta ya nema wa ubanta abin yi kafin ya karya wani. Firmin ya ba shi tebur a lungun gareji, gefen taga. Can tsohon ya rataye kayan aikinsa da tsohon abin wuyan doki guda ɗaya da ya ƙi sayarwa. In katako ya shigo, teburin nan ba shi da sauran amfani, kuma kujerar gefen murhu tana nan inda ya bar ta.

A ranar da suka yi maganar katako, Baba Théodule ya yanka sababbin faifaye. Ya yi niyyar barin su yadda suke, amma da ya jera su a tebur ya ga fuskarsu a ƙeƙashe, zuciyarsa ta ƙi. Ya leƙa, Firmin na can yana hura wuta. Ya tsoma ɗan yatsa a tukunya. Kaɗan dai, ya ce wa kansa, don kada su tsage. Fatar kuma ta kayan doki ce, wadda tun a majema ta sha kitse ta ƙoshi, don ita ce mafi kyau a cikin abin da ya rage masa.

Firmin yana da yadda yake gwada aikinsa. Yakan cika bokiti da ruwa har baki, ya ajiye a bayan mota, ya bi hanyar Marchiennes inda duwatsun daɓen suka fi tsini, ya dawo ya ga abin da ya rage. Da safe yana ɗora bokitin sai ya ga tsohon ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci.

"Ina zuwa haka, Baba?"

"Ni zan riƙe shi. Na san ku, yaran zamani, sai ka zubar da rabi a kwana ka ce fatata ce."

Zélie ta leƙo ta taga. "Baba, kai da ka rantse ba ka shiga wannan abu sai dai a kai ka makabarta?"

"Ai mijinki ne direba. Duk ɗaya ne."

Da farko tafiya ta yi daɗi. Ruwa na kaɗawa amma bai zuba ba, tsohon yana ta gyaran murya don Firmin ya lura. Sun wuce gonakin gwoza, sun wuce injin niƙa, sai motar ta fara ɗaga baya. Ta yi tsalle ta sauka, ta sake yi, kamar ba za ta daina ba. Ruwa ya tashi ya wanke masa gemu, ya cika masa aljihu, ya gangara cikin takalma.

"Tsaya! Tsaya, ɗan nema!"

Firmin ya tsaya, yana cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce. Baba Théodule ya sauko yana ɗiga, ya durƙusa a bayan ƙafar motar, ya kai hannu kan shakazobar. Ya janye da sauri. Zafi ne kamar kaskon suya, kitse na ɗiga a kan dutse, warinsa na tashi. Ya daɗe a durƙushe yana kallon ɗigon. Duk rayuwarsa yana ciyar da fata ne don ta lanƙwasa a jikin doki, ba ta taɓa haɗuwa da zafi irin wannan ba. Wannan kuwa ba a so ta lanƙwasa. So ake ta tsaya ta cije.

"Kun sa mata kitse," in ji Firmin a hankali.

"Kaɗan."

"Baba."

"Na ce kaɗan. Mai da ni gida, sanyi nake ji."

Akwai mutum ɗaya a garin da ke aiki da fata mai tauri, kuma shi ne wanda Théodule ya fi ƙin ya roƙa. Polydore mai takalma, tare suka yi makaranta, tun suna samari suke tsokanar juna a dandalin kasuwa. A wajen masu kayan doki, mai takalma baduku ne na ƙasa, wanda aikinsa ke taka kashin shanu, kuma Théodule bai taɓa barin wannan magana ta kwana ba a faɗa ba. Da la'asar ya tsaya a ƙofar shagon, yana duban sama kamar mai neman hadari.

"A'a, sarkin dawaki da kansa!" in ji Polydore, ƙusoshi a bakinsa. "An ce yau an yi maka wankan jarirai a hanyar Marchiennes."

"Gulma ta fi mota gudu a garin nan. Ƙirgin tafin takalmi nake so."

Polydore ya tofar da ƙusoshin a tafin hannu. "Sake faɗi, kunnen nan ya tsufa."

"Ka ji ni sarai, mai warin ƙafa."

"Wanne? Wannan busasshen da ka ce ko kare ba ya taunawa?"

"Shi."

Polydore ya yi dariya har da tari. Amma da ya dubi fuskar abokinsa sai ya bar dariyar. Ya jawo ƙirgi daga ƙarƙashin benci, mai kauri, mai ƙara kamar allo in an ƙwanƙwasa. Ya ce a jiƙa shi, a bar shi ya sha iska, sannan a dake shi da guduma a kan dutse har ya ƙi shiga. Ya haɗa masa da dutsen nasa aro.

"Kuma kada ka ba shi abinci, Théodule. Wannan da azumi aka san shi."

Washegari tsohon ya ɗauki tukunyar kitsensa ya kai wa Zélie a kicin, ya ce ta ɓoye inda ba zai gani ba. Ya wuni yana duka. Wuƙarsa da ta saba shiga fata kamar man shanu ta yi ta turjewa, sai ya wasa ya sake wasawa, yatsunsa suka yi kanta. Sau da yawa hannunsa na zuwa inda tukunyar take da zama, ya tarar da tebur kawai.

Ranar Asabar da sassafe suka sake fita, shi da bokitinsa, wannan karon da tsohuwar rigar aiki. Suka wuce gonakin gwoza. Suka wuce injin niƙa. Motar ta daki rami, ta ɗaga, ta sauka, ta zauna. Ruwa ya fantsama masa a gwiwa ɗaya. Ya jira tsalle na biyu, bai zo ba. Sai dai wani ƙiƙi-ƙiƙi da ke fitowa daga ƙasa duk sanda suka hau dutse.

Da suka dawo Firmin ya leƙa bokitin, ya tsoma yatsa, ya kaɗa kai.

"Kuka take kamar ɓera, amma ta riƙe."

"Yunwa take ji," in ji tsohon. "Ba a yi mata adalci ba."

"Likita kurma ne a kunne ɗaya, ba zai damu ba." Firmin ya zubar da ruwan a kwata. "Mai burodi ma ya ce a yi wa tasa motar. Akwai sauran ƙirgin?"

"Ya ƙare. Mutumin Douai fa?"

"Wane mutumin Douai?"

Baba Théodule ya bar shi nan. Ya shiga lungunsa, ya shafa abin wuyan dokin nan da tafin hannu, ya ga ya fara bushewa, ya ƙudura zai tambayi Zélie tukunyarsa ranar Lahadi, don wannan kaɗai. Sannan ya sa hula, ya matse gwiwar wandonsa da ta jiƙe, ya fita ya nufi shagon Polydore, yana tafe yana shirya baƙar maganar da zai mayar masa.