Wankan Jikan Inna

Cikina na wata takwas maigidana ya sa ni a mota daga Abuja zuwa Yelwa. Haihuwar fari a gida ake yi, ban ma yi gardama ba. Ga shi Innata ce za ta karɓe ni. A unguwarmu ta bakin ruwa, da wuya ka nuna yaron da ba hannunta ne ya fara wanke shi ba.

A waya kullum lafiya lau take ce min. In na kira ta bidiyo, Goggo, ƙanwar babana, ita ke riƙe mata wayar. Na ɗauka rashin sabo ne. Sai da na sauka na ga hannun Inna. Yatsun duk sun karkace gefe guda kamar ciyawar da ruwa ya bi ta kai, gaɓoɓin sun kumbura. Ko ɗaurin zani Goggo ke yi mata.

Amosanin gaɓɓai ne, haka wani likita ya gaya mata a Sakkwato tun shekarun baya. Ya ba ta magani, ya ce ta riƙa komawa ana duba jini. Hanya ta gajiyar da ita, ta bari. Ta koma wurin mai kemis yana yi mata allura, ta kwana biyu da sauƙi, ciwon ya dawo. Wanzami ma ya yi mata ƙaho a gwiwa. Da damina ta sauka, iskar tafki ta fara shigowa, sai ta daina fita gaba ɗaya. Zaman ya ƙara sandarar da ita.

Safiya ce ta fi muni. In ta tashi, yatsun ba sa lanƙwasuwa sai hantsi ya yi. Wankan jego kuma da sassafe ake yi.

Na haifi namiji. Goggo ta ɗauki wankana, ruwan zafi da ganyen darbejiya. Inna na kan kujerar roba tana ba da umarni, wai ruwan bai tafasa ba, wai ba haka ake watsa ganye ba. Goggo ta yi dariya ta ce, "Matar yaya, ke dai baki ne bai kumbura ba."

Nawa wankan ta haƙura da shi. Na jaririn ne ta kasa. Tana kiran shi angonta, tana cewa babu kishiyar da za ta riƙa wanke mata miji tana kallo. Na ce to a bari sai hantsi mana, lokacin hannunta ya saki. Ta ƙi. Wai jariri kafin rana ta fito ake wanke shi, haka ta yi wa ɗiyan kowa, ba a kan jikanta za maƙwabta su ji an canza ba.

Sai ta fara riga kowa tashi. Goggo ta zuba mata ruwan zafi a kwano, ta tsoma hannuwan tana ƙoƙarin dunƙulawa, tana cije leɓe. Kullum haka.

Safiyar suna ta ce yau ita za ta yi. Aka taimaka mata ta zauna a tabarma, ta miƙe ƙafafu, aka kwantar da shi a kan ƙwabrinta. Ta shafa mishi sabulu da tafin hannu, a hankali, har tana yi mishi waƙa. Saura ta juya shi ta wanke baya. Ta sa hannu a hammatarsa, yatsun suka ƙi rufewa. Yaro da santsin sabulu, ya sulale zai faɗa cikin baho. Goggo ta cafke shi ta cinya.

Ba abin da ya same shi. Kuka kawai ya yi. Inna ta daɗe tana kallon hannunta, kumfa na ɗiga.

"Amshi angon ga," ta ce wa Goggo. "Ya iske amarya ta ƙare."

Daga ranar ba ta sake tsoma hannu a ruwan zafi ba. Ko da hantsi na kawo mata jaririn, sai ta ce in ajiye shi a gefenta. Na roƙe ta mu koma Sakkwato, ta ce a je a yi me, abin da take adana hannun dominsa ya wuce.

Na yi arba'in na koma Abuja. Yanzu yaron yana rarrafe. In na kira, Goggo ce dai ke riƙe wayar, shi yana miƙa hannu yana dukan gilashin wayata. Inna kuwa, nata hannuwan suna cikin hijabi.