Daminar da Ƙudan Zumar Baba Suka Mutu

Babana manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Bukkuyum, amma da zuma aka san shi. Da ciyawa yake saƙa amya, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara, ya ɗaura bisa ɗorawoyin bayan gari. In zai ɗebi zuma ba ya ƙone ƙudan. Hayaƙi kaɗan yake busa musu, kuma yakan bar musu rabin saƙar.

Ina gidan aure a Gummi maganin feshi ya shigo garinmu. Tsutsa ta daɗe tana cinye wa mutane wake, don haka kowa ya yi murna, har da yayana, wanda gonarsa ke dab da ɗorawoyin. Da na zo ganin gida cikin damina, Inna ta faɗa mini Baba ya bi gida gida yana roƙon a bar feshi har wake ya gama fure, ko a yi shi da marece bayan ƙudan sun koma amya. Wasu sun ji. Yayana ya ce iyali zai ciyar, ba ƙwari ba.

Da hantsi na kai wa Baba fura gona. Na iske shi durƙushe a gindin ɗorawa, ƙasa ta yi baƙi da ƙudan zuma, wasu na ta juyawa sun kasa tashi. Yana kwasar su cikin hularsa.

Ya ce, "Ɗiyata, waɗanga ba su taɓa ci mini komi ba sai fure."

Bai yi wa yayana faɗa ba. Ya dai sauke amyoyin da suka rage, wani Bafulatani abokinsa ya taimaka masa suka kai su daji wajen Anka, inda ba gonaki. Nisa ya yi masa yawa, ga gwiwa ta fara ciwo. Da rani masu farauta suka sa wa dajin wuta, amyoyin suka ƙone.

Bayan 'yan shekaru tari ya kwantar da shi. Yayana ya yi ta yawon kasuwanni neman zuma mai kyau, abin da ya samo rabinsa sukari ne. Baba ya lasa, ya sa masa albarka, ya ce a ba yara.

Tun rasuwar Baba yayana sai marece yake feshi. Ya ɗaura amya ɗaya da hannunsa, damina biyu tana rataye kafin ƙudan su shiga.