Baƙin Tabon Da Ya Ci Fuskar Inna

Ina buɗe laftof ɗina sai ga baƙin tabo, kamar tawada ta zube cikin gilashin. Na kunna bidiyon marigayiya Inna, wanda shi kaɗai gare mu, tana sa wa 'yata albarka ranar suna. Tabon ya rufe mata ido.

Washegari ya kai bakinta. Gani nake in ya cinye fuskar, mun sake rasa ta ke nan.

Daga Gwaram har Birnin Kudu rungume nake da laftof ɗin a mota, zuwa wurin mai gyara.

Mai gyara ya ce, "Malam, matse shi aka yi?"

"Da robar babur na ɗaure shi kan buhun gero, ranar kasuwa."

Ya jona shi da talabijin ɗin shagonsa. Can sai ga Inna, fuskarta tas!

"Gilashin ne kawai ya fashe," in ji shi. "Inna tana ciki lafiya."

Har yanzu hankalina bai kwanta ba, don wuri ɗaya tak na ajiye ta. Ku fa, ina kuka adana muryar iyayenku?