Burodin Milanka

A unguwarsu a Valjevo, in aka ce burodin bikin da kowane gida ke yi wa waliyyinsa duk shekara, to Milanka ake nufi. Tun rasuwar mijinta take gasa wa gidaje, ta yi masa ado da tsuntsaye da zangarniyar alkama har mutum ya ji nauyin sa masa wuƙa. Mace ce gajera mai faɗa, ga hannu kamar na maƙeri.

Ɗanta guda ne, Vukashin, yana aikin jinya a Belgrade. Ranar tattakin alfahari na masu son jinsinsu, sai ga shi a talabijin, tutar bakan gizo a kafaɗa, hannunsa cikin na wani dogo mai suna Nenad, 'yan sanda sun yi musu katanga. Kafin la'asar labari ya gama unguwa. Stana, maƙwabciyarta tun suna amare, ta leƙo ta kan shinge.

"Milanka, bana kar ki wahalar da kanki, na yi wata mai gasa min."

"Allah ya ba ki haƙoran cinsa," in ji Milanka, ta rufe taga. Sai da ta zauna ta yi kuka mai isarta, don abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Bikin gidansu na Waliyyi Nikola ne, cikin sanyin Disamba, kuma daga uba yake sauka kan ɗa. In ɗan bai tsaya a kai ba, bikin ya bar gidan ke nan. Da lokaci ya matso Vukashin ya bugo waya.

"Mama, ba zan zo ba. In na zo, ba wanda zai taka gidanki."

Yayan mijinta, Dragutin, har ya fara cewa a mayar da kyandir ɗin bikin gidansa. Kyandir ɗin da mijinta ya yi ta kunnawa! Milanka ta ce sam. Ta hau motar haya da kwandon tuffa a cinya, ta je Belgrade ta buga ƙofar gidan Vukashin da Nenad. Nenad ne ya buɗe, ya daskare. Ta miƙa masa tuffa ɗaya kamar yadda tsofaffi ke gayyata.

"Ka zo bikinmu. Ka jawo min wannan matsoracin."

Kowa ya san baƙon biki sau ɗaya ake kiransa a duniya. Daga nan kowace shekara da ƙafarsa yake zuwa, kuma ba a korar kowa.

Ranar bikin tebur ya cika, kujeru kuwa wayam. Dragutin ne kaɗai ya zo, ya haɗe rai. Da za a juya burodin kafin a karya, kamar yadda aka saba, wanda 'yan gida kaɗai ke sa wa hannu, Milanka ta cafko hannun Nenad ta ɗora kusa da na ɗanta.

"Haba Milanka! A gidan ƙanina?"

"Yaya, ƙaninka bai taɓa korar baƙo ba. Ko ka sa hannu, ko ka matsa."

Tsoho ya yi tsaki, ya kalli kyandir, ya sa yatsu biyu. Suka juya, Vukashin ya karya burodin hawaye na zuba.

Ana haka sai ƙofa. Stana ce, da mijinta da mutanen wasu gidaje biyu a bayanta.

"Ni fa ba don kowa na zo ba," ta ce tana kakkaɓe ƙanƙara. "An kira ni tun da daɗewa, kuma nawa burodin kamar dutse ya fito."

Milanka ta yi dariya har da riƙe ciki. Rabin unguwa bai zo ba, oho musu; gidanta dai ya yi ɗumi da hayaniya, ɗanta na tsaye yana raba dafaffiyar alkama.

Da yaran za su tafi, Nenad ya yi ta godiya, ya tambaya ko baɗi ma za ta kira shi.

"Kira kuma?" ta ce, tana tura masa ƙunshin burodi a ƙirji. "Ba wanda zai ƙara kiranka, yaro. Ai ka san hanya."