Norjmaa, Mai Awon Rijiyoyinmu

Kowace Litinin da Alhamis, kafin mata su gama tatsar raƙuma, Norjmaa ta riga ta ɗaure kayanta a bayan babur: igiyar awo mai ƙarfe a baki, kwalabe shida, da gorar shayi mai madara da gishiri. Rijiyoyi talatin da ɗaya ne kewaye da mahaƙar jan ƙarfen da ke gundumarmu, nan kudancin hamadar Gobi, kuma babu wadda ba ta leƙawa sau ɗaya a wata. Ta zura igiya, ta ji inda ta taɓa ruwa, ta rubuta, ta cika kwalba, ta wuce ta gaba. In hunturu ne, sai ta fara fasa ƙanƙara da sandar ƙarfe. Shekara goma sha bakwai tana wannan. Makon jiya ta yi ritaya, kuma irin sallamar da aka yi mata ce ta hana ni sakat har na ɗauki alƙalami.

Ni likitan dabbobi ne a gundumar nan tun kafin a haƙa ramin farko, saboda haka na ga duk abin da kamfani ke kira kyautata wa al'umma. Sun gina mana filin ƙwallo a kan tudun da iska ke ɗauke ƙwallon kafin ta sauko. Sun dasa itatuwa dubu, aka yi hoto, aka tafa, ba wanda ya tuna da ban ruwa, awaki suka ƙarasa sauran. A cikin duk wannan shirme abu ɗaya tak suka yi mai amfani, wato ɗaukar Norjmaa aiki. Shi ma don a ce an yi suka yi. Sun zaci 'yar makiyaya mai ilimin sakandare za ta riƙa zagayawa tana shan shayi a gidajen mutane, ta dawo ta ce komai lafiya.

Mu kuma da me muka tare ta? Da zagi. Ina cikin masu cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya fi kowa zafi shi ne Sambuu, dattijo mai raƙuma tamanin, wanda rijiyarsa ta fi kusa da famfunan da kamfani ke zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa da su. A gabana aka yi karonsu na farko, na je yi wa dabbobinsa allura.

"Ke 'yar kamfani, me kike nema a rijiyata?"

"Ruwa nake aunawa, Sambuu guai," in ji ta, da guai ɗin da muke ƙara wa sunan babba don girmamawa.

"To ki je ki auna wanda kuka shanye. Wannan ragowa ce."

Da wata ya zagayo sai ya ɗaure karensa a bakin rijiyar. Ta zo da ƙashin tunkiya. Daga ranar kare ya zama nata, dattijo ya ce har dabbarsa kamfani ya saye.

A shekara ta shida rijiyar Sambuu ta fara ja da baya. Da, kafin rana ta take raƙumansa sun ƙoshi. Sai ya zama ana shayar da ashirin, a zauna a jira ruwa ya taru, sauran suna kuka suna ture juna. Taguwa bakwai suka yi ɓari a bazarar nan, ni na duba su. Wasu rijiyoyi uku na kusa su ma suka bi sahu. Norjmaa ta kai maganar wajen shugabanta, Temuulen, wani matashi da aka turo daga babban birni, mai takalmi kamar madubi.

"Egch, fari ne," in ji shi, don shi ma egch, wato yaya, yake ce mata kamar kowa. "Ba a yi ruwa ba bana."

"Wane irin fari ne wannan, da ya zaɓi rijiyoyi huɗu da ke jikin famfunanku ya ƙyale ashirin da bakwai?"

Ya ce za a duba. Abin da dubawar ta haifa shi ne fitila mai aiki da hasken rana, da aka aika wa Sambuu a cikin kwali mai ƙyalli. Dattijo ya juya ta, ya juya ta, ya tambayi direban da ya kawo ta ko ta wane gefe raƙumi ke sha.

Sai ranar taron shekara, a ɗakin taron gunduma. Temuulen ya haska wani zane a bango, layi miƙaƙƙe ɗoɗar, ya ce wannan shi ne ruwan rijiyoyinmu, bai ragu ba ko taƙi ɗaya. Ashe haɗa awon dukkansu ya yi ya raba daidai. Norjmaa tana can baya, an sa ta zuba wa manyan baƙi shayi. Muka ji ƙarar buta a kan tebur.

"Darakta, wannan layin ba igiyata ce ta auno shi ba."

"Egch, za mu yi magana a ofis."

"A ofis na yi sau biyar. Ka haɗa mai ƙoshi da mai yunwa ka ce kowa ya ci rabin kwano. Rijiyar Sambuu guai ta sauka mita uku. In ƙarya nake yi, ga mota a waje."

Ɗakin ya watse. A motoci da babura muka bi ta ita da Temuulen, tafiyar kusan awa guda, har da baƙin da suka zo daga birni, don sun ji kunyar zama. A bakin rijiya ta miƙa wa Temuulen guga. Ya zura, ya jawo. Taɓo ne baƙi ƙirin, ya zubo masa a kan takalmi. Ba wanda ya yi dariya, sai Sambuu ya ce a hankali, "Sha mana, ɗana. Ai zanenka ya ce lafiya lau."

Kun san ladan da ta samu? Aka mayar da ita ɗakin ajiya, tana raba wa ma'aikata safar hannu. Wata takwas. Ran Lahadi kuwa, ranar hutunta, sai ta hau babur ta ci gaba da awonta, ba wanda ya aike ta. Na tare ta a hanya na ce, "Haba Norjmaa, sun kore ki daga aikin nan, me ya yi zafi?" Ta ce, "Su suka cire ni. Rijiyoyin ba su ji labari ba."

Mutumin da ya ɗaura mata kare shi ya dawo da ita. Wata safiya Sambuu ya koro raƙumansa kaf, ya durƙusar da su a kan titin da manyan motocin kamfani ke fita da kaya. Wanda ya taɓa ƙoƙarin tayar da raƙumin da bai ga dama ba ya san yadda ranar ta kasance. Da manya suka fito suna tambayar abin da yake so, ya ce, "Ku dawo mana da 'yar kamfaninmu." Cikin mako guda ta koma bakin aiki. Aka kawo masana, suka shafe wata uku suka gano abin da ta faɗa a tsaye cikin minti biyu. Aka rufe famfo biyu, kamfani ya fara tace ruwan da ya yi amfani da shi yana sake juya shi, aka kafa kwamitin makiyaya da zai riƙa bin ta wajen awo. Bayan shekara huɗu rijiyar Sambuu ta dawo, wata ma ta biyo ta. Biyu ba su dawo ba har yau. Masu su sun sayar da dabbobi, suna gefen gari a zaune.

To ga sallamar da aka yi mata. Takardar yabo da aka rubuta sunanta ba daidai ba, da laima mai tambarin kamfani. Laima! A ƙasar da sai a shekara ba a jiƙa ba. A bangon ɗakin kuma ga ƙaton hoton rijiyar Sambuu cike da ruwa, Temuulen riƙe da guga yana murmushi, don a kan aikin nan aka ba shi lambar yabo a birni. Kada mu ɗora wa kamfani duka. Mu da muke shan ruwan, mutum huɗu muka je. Ita kanta ta ƙara min haushi, don da na fara faɗa sai ta buɗe laimar ta ce, "Ai tana tare rana."

Norjmaa, ke ce kika ci albashinsu ba ki sayar musu da idonki ba. Ke ce kika sha zaginmu shekara shida, ranar da muka buƙaci baki kuma naki ne ya buɗu. Ban taɓa ba ki haƙuri a kan abin da na faɗa a kanki ba. Ga shi yau na bayar a gaban jama'a. Mun gode, uwar rijiyoyi.

Da na gaya mata zan yi wannan rubutu, sai ta ɓata fuska. "Yabon me? In dai takarda ce ta yi maka yawa, rubuta cewa rijiyar gidan Yanjmaa ta sauka taƙi biyu tun kaka, kuma 'yan kwamiti sun daina zuwa awo."

To na rubuta. Wadda ta gaje ta, Oyundari, za ta je rijiyar Yanjmaa ran Alhamis da safe. Ku 'yan kwamiti, ku da ke da bakin zagi a wajen shan shayi, kada ku bar ta ta tsaya a bakin rijiyar nan ita kaɗai. Ni zan je. Akwai wurin mutum uku a motata.