Layin motocin auduga a Funtuwa

A shekarata ta uku a jami'a, a Zariya, muka fara darasin lissafin abubuwan da ke faruwa ba da ƙayyadadden lokaci ba, kamar zuwan motoci bakin sikeli. Malaminmu ya raba mu bibbiyu, ya ce kowa ya nemo layi na gaske ya auna. Ni da abokina ɗan Gabas muka zaɓi gidan gurzar auduga na Funtuwa. Shi zai tsaya a ƙofa ya rubuta lokacin da kowace mota ta iso, ni kuma in rubuta lokacin da ta bar sikeli.

Kafin kakar auduga rikicin 1966 ya ɓarke, 'yan Gabas suka fara komawa gida. Na raka shi tashar jirgin ƙasa, ya miƙo mini agogonsa ta taga, ya ce in fara aikin kafin ya dawo.

Ni kaɗai na je. Aikin mutum biyu ne, sai nake gudu tsakanin ƙofa da sikeli, motoci suna kuɓuce mini. Mai gadin ƙofar, wani dattijo Kirista daga ƙauyukan Malumfashi, ya kwana biyu yana kallona.

"Malam, ina ɗan'uwan aikinka?"

"Ya tafi gida, Baba."

Bai ƙara tambaya ba. Ya ce a makarantar mishan an koya masa lambobi. Na ɗaura masa agogon, na ba shi fensir. Mako uku muka yi haka. Ina cin tuwo a gidan ƙanwar mahaifina ba na jin ɗanɗanonsa. In an yi maganar yaƙi a bakin sikeli, sai in duba agogona in rubuta.

Lissafin ya nuna cewa da za a buɗe sikeli na biyu ranar kasuwa kawai, yawancin jiran zai ragu. Malaminmu ya yaba, ya tambaye ni sunan wa za a sa a kan rahoton. Na ce mu biyu, ni da abokina. Ya rubuta.

Bayan yaƙin basasa na aika wa abokina wasiƙa sau biyu zuwa garinsu. Ta farko ta dawo mini ba a buɗe ba. Ta biyun ban san inda ta tsaya ba. A lokacin na riga na fara koyar da wannan darasin, ajina yana da ɗalibai goma sha ɗaya. In na raba su bibbiyu, ɗaya yakan rage.