Cincin ɗin Matar Akawu

Jiya jikata ta soya cincin a tsakar gida, ƙamshin ya iske ni a zaure, sai na ji gabana ya faɗi. Ku yi dariyarku. Abin nan da kuke watsawa a baki ya taɓa raba ni da addinina na kusan awa guda.

Ana saura 'yan shekaru Turawa su tattara nasu ya nasu, mahaifina yana ɗinki a Ƙofar Taramniya. Cikin masu kawo masa aiki akwai wani akawu mutumin kudu, Kirista. Ranar Kirsimeti aka aike ni in kai masa riga. Yayana ya tare ni a bakin zaure, ya murtuke fuska, ya ce duk wanda ya ci abincin ranar nan harshensa zai yi nauyi, kalmar shahada ba za ta sake fita ba, a haka zai mutu. Ina aji biyu lokacin, ilimina bai kai na musu ba. Har yau ma bai wuce aji uku ba.

Matar akawun ta karɓi riga, ta miƙo mini kwano rufe. Da Hausarta mai tuntuɓe ta ce in gaya wa mutan gida ba nama, ba kitse, fulawa ce da sukari da man gyaɗa, saboda mu ta soya a kasko daban. A hanya na ce bari in duba, dubawa kawai. Cincin ne jawur, ga alewar kwakwa a gefe. Hannuna bai shawarce ni ba. Sai da na haɗiye na biyar maganar yayana ta faɗo mini.

Na tsaya gindin wata katanga in gwada shahadar. Na buɗe baki, harshe ya manne a sama. Na fara "La'ila..." sai tari ya sarƙe ni. Kwakwa ce ta maƙale, amma wa zai gaya mini? Na hango gawata ajiye a waje, ba mai yi mata salla. Na cusa yatsa in amayar, ya ƙi. Na roƙi ruwa a wata rijiya na kurkure baki sau bakwai, har da ƙasa, yadda na ji ana yi wa kwanon da kare ya lasa. Ban sake gwadawa ba, don in ta ƙi fita karo na biyu, ta tabbata ke nan.

Na shiga gida kamar bebe. Kakata tana kaɗi a inuwa. Ta dubi bakina duk laka.

"Kai, mi as same ka? Ƙasa kaka ci yanzu?"

Yayana ya leƙo. "Ya ci na Kirsimeti! Ku ce ya yi shahada mu ji."

Ta ajiye mazari, ta buɗe kwano, ta shinshina. Cikin kuka na faɗi saƙon matar. Ta ɗauki ɗaya ta jefa a baki. Haƙora biyu gare ta, sai tsotsa take, ni kuwa ina kallo, ina jiran in rasa kaka a kan idona. Da ta haɗiye, ta yi gyaran murya, ta kawo kalmar shahada tiryan-tiryan.

"To, biyo ni."

Na bi ta. Ta fito cif, ko harafi bai faɗi ba. Na maimaita har sai da ta ce na ishe ta.

Yayana ya miƙo hannu, ta rufe kwanon. "A'a, malam, kai harshenka muka tsaro."

Washegari ta cika kwanon da nakiya, don ba a mayar da kwanon mutane fanko.

Yau a unguwarmu ba mai aiko kwano, ba mai mayarwa. Ni tsorona bai kai la'asar ba, tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ce ta cire mini shi. Ga shi na rayu na ga masu digiri sun tsince shi, sun riƙe gam.